Tsuntsuwar da Ba Ta Ƙorafi

Farin wata na fara gani a cikin ruwan, tun kafin in san ko ruwan mene ne. Ina 'yar shekara bakwai na leƙo daga saman rufinmu, na hango shi yana rawa a tsakiyar lungu, fari tas, har na ji kamar in sauka in ɗauko shi. Umma ta fizgo rigata. "Ruwan masai ne, shashasha."

Haka unguwarmu take a bayan gonakin dabinon Ƙuba, a Madina. Takari ne mu duka, jikokin waɗanda suka taho hajji da ƙafa suka zauna. Gidajen bulo da kwano sun cushe da juna har motar ruwa ba ta iya shigowa, sai a ja dogon tiyo ta cikin ƙazanta a cika rijiyoyin siminti da ke ƙarƙashin gidajenmu. Wuta kuwa, da zafi ya tsananta sai ta ɗauke. Mu yara murna muke yi, don da an idar da magariba sai mu hau sama wajen Kaka, mahaifiyar Umma, tana fifita gawayin shayi, ƙanwata Ruƙayya a kan cinyarta.

"Ga wata nan tafe, ku buɗe mata ƙofa," in ji ta in za ta fara tatsuniya. Mu ce mun buɗe.

Wadda ta fi yi mana ita ce ta wata tsuntsuwa da ta ƙetare hamada da teku, ta sauka a lambun wani sarki mai kirki. Reshen da ta samu duk ƙaya ne. Kullum sarki ya zo ya tambaye ta, "Baƙuwa, yaya kwanan lambu?" sai ta ɓoye ƙafarta mai jini a cikin gashinta, ta ce lafiya lau. Da ta mutu aka binne ta a gindin bishiyar da sarki ya fi so.

"Mu ma baƙin Manzon Allah ne," Kaka takan ce, tana zuba shayi. "Kada in ji ɗayanku ya ce ƙasar Madina tana wari."

Wata safiya wani ma'aikaci ya shigo lungunmu da littafi, yana ɗage farar jallabiyarsa, yana tambayar abin da ke damun mutane. Maza sun tafi aiki. Mata suka tura shi wajen Kaka, don ita ce babba.

"Ya Hajja, fi mushkila?" ya tambaya da Larabci, wato akwai matsala?

"Mafi mushkila, ya waladi. Alhamdulillahi," in ji Kaka, wato babu matsala, ɗana.

Ya dubi ruwan da ya kewaye takalminsa, ya sake tambaya. Ta maimaita, har da murmushi. Ya rufe littafinsa ya fita.

"Inna!" Umma ta ce bayan fitarsa. "Ruwan nan fa yana shiga rijiyarmu. Ke ma kina jin warinsa a shayi."

"To ki tafasa shi. Ni ban tako daga Katsina don in kai ƙarar garin Annabi ba."

Da zafin shekarar Ruƙayya ta kama amai da gudawa. Kwana uku ta yi a asibiti, likita ya ce ruwa ne. Shekararta huɗu. Umma ta dawo gida da 'yar rigarta a cikin leda.

Na daɗe ina jin haushin tsuntsuwar nan. Sai da na girma na lura da abin da ba wanda ya lura da shi a saman rufinmu: sarkin yana tambaya ne don ya cire ƙayar.

Kaka ta ƙara shekara goma sha ɗaya, ta ƙarshensu a wani gidan bene a unguwar Jurf, bayan an rushe tamu. Tsufa ya ɗauke mata sunayenmu duka. Amma duk namijin da ya shigo da farar jallabiya, ko da ɗan maƙwabta ne, sai ta riƙe hannunsa gam.

"Fi mushkila, ya waladi. Rubuta. Ruwan yana shiga rijiya, kuma akwai yarinya a gidan."