Jegon Barsu

Shekarun baya, lokacin da nake zuwa ajin yaƙi da jahilci da furfurata a ka, mijina ya rasu ya bar mini awaki da wani tsohon kare a gidanmu na Bukkuyum. Barsu sunansa. Tun yana kwikwiyo yake kwana a bakin turke, ko ɗan akuya ba a taɓa ɗauke mana ba.

Shekara na zagayowa, damina ta zauna, sai ƙafafunsa na baya suka ƙi. Da safe ya yi ta yunƙuri, gaba ya tashi, baya ya ƙi bin sa. Na ce wannan ai sanyin ƙashi ne irin na mahaifiyata. Ni kuwa jinya ɗaya na iya, wadda ake yi wa mai jego. Na dafa ruwa da ganyen darbejiya ina gasa masa gaɓoɓi da tsumma, na shafe shi da man kaɗanya, na cika masa kwano da tuwo har da man shanu, na hana shi motsi. Man kaɗanyar kuwa, kafin in juya ya lashe abinsa.

A haka ƙanin mijina, wanda gidan ya koma hannunsa, ya tarar da mu. Ya yi dariya har da dafa bango.

"Matar Yaya, yaushe Barsu ya haihu ba a gaya muna ba?"

Na ce ya kwantar da hankalinsa, ranar suna shi ne ragon. Da dariyar ta ƙare sai ya ɗaure fuska, ya ce karen da ba ya tashi ba ya tsaron komai. Kasuwa ta sama masu sayen karnuka za su zo da kejinsu, in bai miƙe ba, zai ba su shi. Kowa ya san inda karnukan nan suke ƙarewa.

Washegari da na tashi kai shi asibitin dabbobi, 'yan kabu-kabu uku suka ce kare ba zai hau mashin ɗinsu ba. Na ari baro, na shimfiɗa buhu, na ɗora shi, na zura hijabi na tura ta tsakiyar gari. Masu shan shayi suka bar shayinsu suna kallo. Ko a jikina.

Malamin dabbobi ya mammatsa gaɓoɓin, ya tambayi me nake yi masa. Na zayyana ina hura hanci. Ya ce gashin dai na yi daidai, sauran kuwa ni nake ƙara masa ciwo: ƙiba na danne gaɓoɓin, kwanciya na sandarar da su. In rage tuwo, in raba shi da ƙasa mai danshi, in riƙa zagayawa da shi kaɗan-kaɗan, kuma kada in kuskura in ba shi ƙwayar sanyin ƙashi ta mutane. Ya yi masa allura, ya rubuta yadda zan ba da magani, ya ce in kai wa mai karatu. Na karɓi takardar na karanta masa a gabansa, harafi-harafi, ina gumi. Abu na farko ke nan da na taɓa karantawa a wajen aji, kuma na kare ne.

Kullum sai in ratsa masa tsohon zane ta ƙarƙashin ciki, in tallafe shi mu zagaya rumbu, ni da shi kamar tsofaffi biyu za su gaisuwa.

Ranar kasuwa da hantsi ƙanin mijina ya shigo da igiya. Barsu ya ɗago kai daga kan buhunansa, ya yunƙura, ya sake yunƙurawa, sai ga shi tsaye da ƙafa huɗu. Ya tako yana ɗingishi ya tsaya tsakanin mutumin da awaki, ya saki haushi. Ban san lokacin da na rangaɗa guɗa ba.

Na ce, "To, ga mai jego ya fito. Ɗaura mashi igiyar in ka isa."

Ya dubi karen, ya dubi igiyar, ya ce shi dama ta turke ya kawo mini.

Barsu ya ƙara ganin damina biyu. Har yau in na tuna nakan yi wa kaina dariya, don da an bar ni da tausayina, da tuwo zan gurgunta shi. Takardar tana nan a ƙasan akwatina. Igiyar ma ban mayar ba, da ita nake ɗaure akuya.