Lallen Ƙanwata

Jiya jikata ta dawo daga makaranta a Gorton, nan ƙasar Turawa, ta shimfiɗa min hannuwanta jawur da lallen Sallah. Wai ƙawayenta Turawa har layi suka yi suna kallo. Ƙamshin lallen nan ya hana ni cin abinci. Bari in faɗa muku dalili, don na gaji da riƙe shi ni kaɗai.

Ina shekara goma Baba ya kawo mu Salford, ya zo karatun injiniya. A makarantar unguwarmu baƙar fata mu biyu ne kacal, ni da ƙanwata mai shekara shida. Ni na ɗan tsinci Turanci, har wasu yara biyu 'yan ajinmu sun fara barina in tsaya kusa da su. Ita kuwa ba ta jin komai. In an fita wasa, jikin bango take rakuɓewa.

Sallarmu ta farko cikin hunturu ta zo. Inna ta kwaɓa lallen da ta ƙullo daga Kano, ta zaunar da mu gaban hitar ɗumama ɗaki, ta ƙunsa mana hannu da tsumma. "Ko a ƙasar Turawa ne, 'ya'yana ba za su yi Sallah ba lalle ba," in ji ta. Washegari kuwa akwai makaranta.

Na sa safar hannu, na ce sanyi nake ji, har cikin aji ban cire ba. Ƙanwata ta tafi tana ɗaga nata hannuwan, so take a gani.

A makarantar, in za a tafi cin abinci, kowane aji kan jeru a baranda bibbiyu, kowa riƙe da hannun wani. Ranar ba wanda ya yarda ya taɓa ta. Wata ta ce ciwo ne, wani ya ce datti. Malamarsu ta yafito ni daga layinmu, ta tambaye ni a hankali mene ne wannan a hannunta. Yaran nan biyu suna kallona. Na ce, "Ban sani ba. Ba ta wanke hannu ne."

Ƙanwata ba ta ji Turancin ba. Murmushi ta yi, ta miƙo min hannu. "Yaya, nuna musu naki."

Na cusa hannuwana cikin aljihu.

Malamar ta kai ta famfo, ta yi ta dirza da buroshi da sabulu. Lalle dai ba ya fita. Sati uku yana hannunta, sati uku tana tafiya ita kaɗai a ƙarshen layi. Ba ta gaya wa Inna ba, ni ma na yi gum. Har Inna ta rasu tana zaton yarinyar ce kawai ba ta son lalle, don ko ranar aurenta ƙin sawa ta yi.

Yanzu ƙanwata tana Birmingham, ita ma da jikoki. Yau da safe na buga mata waya, na ba ta labarin lallen jikata, sannan na maimaita mata abin da na ce wa malamar. 

"Yaya, ai na sani. Haddace maganar na yi. Da na iya Turanci, na fassara wa kaina."

Na buɗe baki zan roƙi yafiya, ta riga ni.

"Akwai sauran lallen?" ta ce. "Ki taho da shi ran Asabar. Amma ke za ki riƙe hannun har ya kama."

Ga shi nan na ƙulle a jaka. Safar hannu kuwa, ko ƙanƙara ake zubawa ranar, ba zan sa ba.