Shaf Ɗin Motar Baba A Ƙarƙashin Amalanken Durun

Laraba: Unguwar Tudu zuwa Gwarzo

Ƙarfe shida saura kwata na safiyar Laraba, bayan mun idar da sallar asuba, na saɓa buhuna na bar gida a Unguwar Tudu. Abin da ke cikin buhun ƙarfe ne guda ɗaya, tsawon hannuna tun daga kafaɗa, ana ce masa shaf. Shi ne yake karɓar ƙarfin inji ya juya tayar baya. Na motarmu ne, tsohuwar a-kori-kurar da marigayi Baba ya bari. Haƙoran da ke bakinsa sun cinye tun tsakiyar damina. Ka ta da ita, ka sa giya, inji ya yi ta gurnani, ita kuwa ko gezau.

Wata uku tana zaune a ƙofar gida, har kaji sun fara ƙwai a ƙarƙashinta. Yaya Lawan, babban wanmu, ya gaji da ganinta, ya yi magana da wani ɗan gwangwan, mai sayen tsofaffin ƙarafa, zai zo ranar Juma'a bayan la'asar ya yanka ta ya auna. Ni kuwa a ƙarƙashin motar nan na girma. Ina koyarwa a Islamiyya, ban taɓa zaman gareji ba, amma duk notin da ke jikinta na miƙa wa Baba sifanar kwance shi. Da na ji maganar yanka, wallahi abinci ma ƙin shiga ya yi.

Inna ce ta raba mu. Ta ce, “Ranar Juma'a sunan ɗiyar ƙanwarku Rabi a Kabo. In motar nan ta kai ni da ƙafafunta, ba mai taɓa ta. In ba ta kai ni ba, Habu, sai ka ja bakinka ka yi shiru.” Yaya ya ce ya yarda, don ya tabbata ba inda za ni.

Minti ashirin da 'yan kai ɗan acaɓa ya kawo ni cikin Gwarzo. Masu kayan mota ba su buɗe ba, sai na zauna wurin mai shayi na sha mai kauri da rabin burodi. Ƙarfe takwas na fara bin shaguna ɗaya bayan ɗaya. A na huɗu, mai shagon, wani Alhaji mai furfura a gemu, ya juya ƙarfen yana dariya.

“Malam, wannan ai tun ina saurayi rabona da shi. A wane kabari ka tono?”

Ya shiga ciki ya ɗauko wani na motocin yanzu, fes da shi. Tsawo ya yi daidai, har raina ya fara fari. Da muka haɗa bakunansu sai na ga nasa haƙoran ƙanana ne, nawa manya. Ba zai shiga ba ko da guduma. Wani mai walda da ke gefe ya ce in kawo ya cika wurin da ya cinye ya fere mini. Na gode masa na ƙi. Na san irin aikin, zai kai ni bakin titi ya sake ni, ga Inna a gaban mota.

Alhajin ya ce, “Ka tafi Kabo ka nemi Baba Ilu. In bai san inda yake ba, to ka haƙura.”

Hanyar Kabo

Sha ɗaya da rabi muka tashi daga tasha a ƙaramar mota, mu huɗu a baya, buhuna a tsakanin ƙafafuna. Kaka ta yi, ko'ina dammunan dawa ne a jingine a gonaki. Kafin mu kai rabi muka iske shingen jami'an tsaro. Ɗaya ya leƙo, idonsa ya faɗa kan buhun, dogon abu mai faɗi a gindi kamar bindiga. Nan take fuskarsa ta canza.

“Mai buhu, sauko. A hankali.”

Na sauko na zazzage. Ya duba, ya shafa bakin da yatsa, sai ya ce, “Haƙoran sun tafi ke nan. Ubana ma irin motar nan ya ja.” Shi ya riƙe mini bakin buhun na mayar. Direba ya ce da na san haka ne da tun a tasha na rataya shi a wuya kowa ya gani.

Sha biyu da kwata muka sauka a Kabo.

Kabo

Na fara zuwa gidan ƙanwata Rabi na yi mata barka, na ga jaririya. Bayan azahar mijinta ya raka ni wurin Baba Ilu. Tsoho ne da ya daina kwanciya a ƙarƙashin mota saboda ciwon baya, yana zaune a benci ƙarƙashin darbejiya yana ba masu aiki umarni da sanda. Muka gaisa, ya tambayi gida, ya tambayi ɗan wane ne ni. Da na faɗi sunan Baba ya yi masa addu'a. Ashe sun sha haɗuwa a hanya shekarun baya.

Bai ma karɓi ƙarfen ba, daga nesa ya gane shi.

“Ba za ka samu a shago ba, ko Kano ka shiga sai ka yi kwana uku kana yawo. Amma irin motarku ba su ƙare ba, ɗana. Ƙauye suka koma noma.”

Na ce, “Baba, ban gane ba.”

“Duk amalanken shanun da kake gani a hanya, me kake tsammani yake ƙarƙashinsa? Gatarin bayan tsofaffin motocin nan ne, wato ƙarfen da ke riƙe da tayoyin baya, da shaf ɗinsa da komai. Ni da hannuna na sayar wa manoma ya fi goma. Akwai ɗaya irin naka sak a Durun, wurin Malam Garba mai shanu.”

Sai na ji kunya ta kama ni. Amalanke nawa na wuce a hanya tun safe, ban taɓa sunkuyawa na leƙa ba.

Baba Ilu ya ce kada in je da maganar saye, manomi ba ya sayar da ƙafar amalankensa ana tsakiyar kaka. Musaya zan nema. Ya kuma ce in tafi da sabon boris, wato ƙwallayen da shaf yake juyawa a kansu, don na amalanke ya daɗe bai ga mai ba. Na saya naira dubu shida a shagon kusa da shi. Ya ara mini sifanu biyu da kurfi.

A zauren surukina na kwana. Aka kawo tuwon dawa miyar kuka, Rabi kuma ta aiko mini da kunun kanwa na masu jego, ta ce in sha in yi ƙarfi tunda ni ma naƙuda nake.

Alhamis: Durun

Bakwai da rabi na hau babur daga Kabo. Tambaya biyu ta kai mu gonar Malam Garba, amma tun kafin mu gan shi muka ji shi. Amalankensa yana tafe da lodin dawa yana wani irin kuka, ƙiii, ƙiii, har tsikar jiki na tashi. Bijimai biyu ke ja, fari da ja. Na sallami ɗan acaɓa, na bi bayan amalanken a ƙasa, ina tafe ina sunkuye kamar mai neman allura. Gatarin ne, irin namu sak.

Malam Garba ya tsayar da shanu. Muka gaisa, na tambayi aiki, na tambayi iyali, na isar da gaisuwar Baba Ilu. Sannan na faɗi abin da ya kawo ni, na fito da nawa na nuna masa.

Ya daɗe yana kallon bakin da ya cinye.

“Malam, in na ji ka daidai, so kake in ba ka mai lafiya ka ba ni marar lafiya.”

“Haka ne, Baba, ba zan ɓoye maka ba. Amma haƙoran nan aikinsu ɗaya ne, su karɓi ƙarfin inji. Kai kuwa injinka ga shi can a gaba yana tuƙa. Ba abin da amalanke yake yi da haƙori. Abin da yake so boris ne, kuma nawa lafiyarsa lau. Naka ne yake wannan kukan.”

Ya dubi bijimansa, ya dube ni. Ya ce yana da sauran lodi shida kafin dare, in na kwance masa abu na kasa mayarwa, dawarsa a gona za ta kwana, awaki kuma ba sa barci. Na ce gaskiya ne. Ya ce me ya sa ba zan sayi wata motar in huta ba? Sai na ba shi labarin Baba, da ɗan gwangwan, da sharaɗin Inna.

Ya ce, “Da rana shanu suna hutawa, daga sha biyu zuwa azahar. Wannan lokacin naka ne. In an kira salla ba ka gama ba, ka mayar mini da nawa.”

Kafin sha biyu na taya shi lodi biyu, don zama ma ba zai yiwu mini ba.

A ƙofar gidansa muka kwance shanu. Ba jak, sai muka ɗaga gefe ɗaya muka ɗora a kan turmi da aka aro daga cikin gida. Taya ta fita ba gardama. Notuna huɗu na ciki kuwa tsatsa ta cinye su, sai da na jiƙa su da kananzir na yi ta lallashi. Uku suka kwance, na huɗu na sare shi da kurfi. Na ja shaf, ya ce bai san zance ba. Na ja har idona ya yi ja. Inuwa tana ta matsowa gindin bango, Malam Garba yana kallonta yana kallona.

Sai na tuna dabarar Baba. Na mayar da tayar a juye, na ɗaura notunanta sako-sako, na riƙa turawa ciki ina fizgowa waje da ƙarfi. A fizga ta biyar ya fito gaba ɗaya, ni da shi da tayar muka zube a ƙasa. Na goge bakinsa da gefen rigata. Haƙoran nan reras, kamar jiya aka yanka su. Shekara da shekaru ba abin da ya taɓa su.

Na shafa wa nawa giris na zura masa, ya shige kamar gidansa. Ana kiran salla ina ɗaure noti na ƙarshe, wanda na ciro daga aljihuna a madadin wanda na sare.

Bayan mun yi salla aka ɗaura shanu. Amalanke ya tashi shiru, sai ƙarar kofato. Malam Garba ya je ya dawo, ya sake zuwa ya dawo, yana murmushi. Daga cikin gida maiɗakinsa ta ɗaga murya ta ce, “Malam baƙo, ka ɓata mini lissafi. Da kukan nan nake sanin ya taho in ɗora tukunya.” Aka kawo fura da nono muka sha. Na yi maganar ko zan ba da wani abu, ya ce in na sake faɗa zai karɓe kayansa.

Komawa gida

Uku saura na bar Durun. A Kabo na mayar wa Baba Ilu kayan aikinsa, ya sa aka cire tsohon boris aka buga sabon a gabansa. Biyar da kwata ina Unguwar Tudu. Na kori kaji, na shimfiɗa buhu, na shige ƙarƙashi. Kafin magariba na ɗaure komai na zuba mai. Ban ta da ita ba, don na ji tsoron abin da zan ji. Yaya Lawan ya wuce ni sau biyu zuwa masallaci.

Juma'a

Shida daidai Inna ta fito da mayafinta da ƙullin kayan barka, ta shiga gaba ta zauna. Na yi bisimilla na murɗa makulli. Ƙyas, shi ke nan. Na sake, ƙyas. Batir ya mutu. Kwana biyu ina yawon neman ƙarfe, ban tuna motar da ta yi wata uku a zaune ba ta da wuta ba. Unguwa kowa ya tafi gona, ba wanda zan kira. Na kifa kaina a kan sitiyari.

Yaya yana tsaye a bakin zaure cikin farar shaddarsa ta suna, yana jiran ɗan acaɓa. Da ya ci gaba da tsayuwarsa kawai, da magana ta ƙare. Sai na ji motar ta motsa. Na duba madubi, na ga ya naɗe hannun riga ya dafa bayanta.

“Sa ta a giya biyu, dalla. Sai na ce ka saki.”

Ya tura har gangaren bayan masallaci, yana nishi. “Saki!” Na saki kuloci. Ta yi tari, ta yi jijjiga, ta kama. Na taka mai, na ji bayanta ya tura mu gaba da ƙarfinsa. Hawaye ne suka zubo mini, ban kuma ɓoye ba. Inna ta ce, “To tsaya wa ɗan'uwanka mana.” Ya haye baya, gaban rigarsa duk jar tsatsa.

Bakwai saura biyar muka tsaya a ƙofar gidan Rabi, ana shirin raɗa suna. Inna ta sauko a hankali kamar wadda ta zo a jirgi.

Biyar saura kwata na yamma muka kamo hanyar gida. Mun wuce rabi wayar Yaya ta yi ƙara a baya. Gilashin da ke tsakaninmu ya daɗe da fashewa, don haka na ji komai. Ɗan gwangwan ne, ya iso ƙofar gida da kayan yankansa, yana tambaya ina motar.

Yaya ya ɗaga murya saboda iska. “Ka yi haƙuri, Malam, ka koma. Ina cikinta.”

Biyar da rabi muka iso Unguwar Tudu lafiya. Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu. Allah ya saka wa Baba Ilu da alheri, ya ƙara wa Malam Garba albarkar gona da lafiyar shanu, ya ji ƙan Baba. Da na kashe mota na sauko, Yaya ya miƙo hannu, na ɗauka gaisawa za mu yi. Ya ce makulli zan ba shi, gobe yana da dawa a gona.