Layin Farar Ƙasa a Filin Baba Isuhu

Cikin duk ranakun aikina na safiyo a Doha, akwai wata Laraba da ta ƙi barin raina. Lokacin ina shekara ta shida a kamfanin gine-gine, an kuma ba ni shugabancin ƙaramin rukuni na masu awo.

Ga waɗanda ba su san tsarin ba: kafin a taɓa fili, safiyo ne ke fara zuwa. Mu auna, mu kafa fegi, mu ja layi da farar ƙasa don nuna inda za a haƙa. Washegari masu shinge su kewaye wurin, sannan katafila ta shigo. A wannan karon filin wani fage ne na yashi a unguwar Old Airport, bayan wasu tsofaffin benaye, za a mai da shi wurin ajiye motoci. A takarda an rubuta "fili ba kowa". Na dai ga ƙarafa biyu a tsaye a kowane gefe, ban ba su muhimmanci ba.

Ina duƙe ina jan layi na ji sallama da Hausar Zariya tsantsa. Wani dattijo ne da sanda da hular zanna, fuskarsa cike da fara'a. Ya ga hular da ke ƙarƙashin hular kwanona ne ya gane ni ɗan gida ne. Sunansa Baba Isuhu, tsohon ma'aikacin jinya, ya yi ritaya yana zaune da ɗansa, wanda ya zame masa kafil, wato mai tsaya masa kan takardar zama a ƙasar.

"Ɗana, Allah ya yi maka albarka," ya ce, ya kama hannuna da duk farar ƙasar da ke jiki. "Shekara da shekaru muna fatan a zana mana layi a filin nan. Ashe sai namu ya zo za a yi."

Shi a ganinsa layin filin ƙwallo nake ja. Kafin in buɗe baki ya shiga ba ni labari. Shi da abokansa suka kwashe duwatsun wurin tun yana da ƙarfi, da takalmansu suke yin gola kafin su samu ƙarafa. A nan ya koya wa ɗansa Nuhu tsaron gida. Kuma gobe Alhamis jikansa Abba zai sauka daga makarantar kwana a Kaduna, ya yi masa alkawarin wasa ranar Juma'a bayan la'asar.

Na so in yi shiru in tattara kayana, ba zan ɓoye muku ba. Amma na cire kwano na ce, "Baba, ka yi haƙuri. Layin haƙa ne. Gobe za a rufe wurin." Ya dubi layin, ya dubi ƙarafan. Sannan ya ce, "To. Dama na ga bai miƙe da gola ba, na ce ko yaron sabon hannu ne." Ya yi dariya, ni kuwa kunya da tausayi suka hana ni taya shi.

Na wuce kai tsaye ofishin manajan aiki, mutumin da ba ya son a taɓa masa jadawali. Na roƙi a ɗage shinge zuwa Asabar, tunda Juma'a ba aiki kuma katafila ba za ta iso ba sai Lahadi. Ya tambaye ni dalilin da zai rubuta. Na gaya masa gaskiya daga farko har ƙarshe. Ya ɗan juya biro ya ce, "Asabar ƙarfe shida. Ko minti ɗaya ban ƙara ba. Khalas, yalla," wato da Larabci, shi ke nan, in tafi.

Ranar Juma'a da hantsi na koma da na'urar awo da ragowar farar ƙasa. Na share layin haƙa, wanda dole in sake ja da kaina da asubahin Asabar, na zana musu fili cikakke, har da'irar tsakiya da ɗigon fanareti. Ban taɓa auna wani abu da kulawa irin wannan ba.

Bayan la'asar mutane suka cika, wasu tun daga unguwannin Mesaimeer da Ain Khaled. Da aka tashi daga wasan, Baba Isuhu ya miƙa wa Nuhu sandarsa, ya ajiye ƙwallo a kan ɗigon, Abba ya shiga gola.

"Tsoho, kada ka faɗi in sha wahalar ɗaukarka," in ji Abba.

"Kai dai tsaya da kyau, ɗan rainin wayo. Ubanka ma bai taɓa kama tawa ba."

Ya buga. Ƙwallon ta tafi a hankali, Abba ya yi tsalle ya nufi ɗaya gefen, kowa ya san da gangan ne, kowa kuma ya yi ihu. Baba Isuhu ya duƙa ya shafa ɗigon da yatsa ya ce da ni, "Wannan kam ya miƙe, ɗana."

Tun daga ranar, idan takarda ta ce fili ba kowa, sai na zagaya na yi sallama kafin in kafa fegi na farko. Ku ma da kuka shigo aikin nan, ku riƙa yin haka.