Ranar Da Baduku Ya Ja Da Baya

Janar bai taɓa riƙe bindiga ba, ko faretin 'yan makaranta bai yi ba. Mai gyaran rediyo ne, shagonsa ɗan tsukuku a ƙarƙashin matakalar wani bene, cike da matattun rediyoyin da masu su suka manta da su. Tun yana saurayi yake shan shirye-shiryen tarihi yana gwajin aiki, har labarin mayaƙan dā ya cika masa kai. Ka tsaya gaisuwa kawai, sai ya loda maka yaƙi. Daga nan sunan ya bi shi.

Mutum ne da bai yarda da kowa ba. In ka ce rediyonka faɗuwa ta yi, sai ya ƙura wa kan sukurori ido ya ga ko wani ya riga shi buɗewa. In ka yabi aikinsa, ya shiga tunanin abin da kake nema. Matarsa ta sha cewa ko sannu ka yi masa sai ya juya ta ya duba bayanta.

Aboki ɗaya gare shi a duniya, Baduku mai gyaran takalmi, shago jikin shago. Tun gashinsu na baƙi har ya yi furfura musunsu ɗaya ne: wa ya fi iya yaƙi da riƙon mutane? Hanibal sun sallame shi da wuri, wai ya sha wahalar haye duwatsu da giwaye amma bai ci Rum ba. Kaisar kuwa Janar ko sunansa ba ya son ji.

"Mutumin da na jikinsa suka taru suka caccake shi? Ina wayon yake?"

Saura biyu. Baduku na Iskandar ne, Janar na Jangis Kan.

"Mutumina," in ji Baduku, ƙusa a bakinsa, "shugaba shi ne wanda yake gaba. Iskandar da kansa yake kutsawa, raunin da sojansa ya ji shi ma ya ji."

"Shi ya sa suka gaji da shi suka ce ba za su ƙara gaba ba. Nawa fa? Sai dakarunsa su yi kamar sun karaya, su juya da gudu. Wawa ya biyo su yana murna, su zagaye shi. Duk wanda ka ga ya ja da baya, tarko ya ɗana maka."

Haka suke kullum, shayi na hucewa, masu jiran aiki na tsaki.

Wata rana da hantsi Janar ya ɗauko zancen kamar yadda ya saba. Baduku ya buɗe baki, ya tsaya, ya daɗe yana kallon gudumar hannunsa. Can ya ce a hankali, "Na yarda. Naka ya fi." Ya tattara kayansa ya rufe shago tun rana ba ta yi tsaka ba.

Janar ya bi shi da kallo yana murmushi. Lallai ma mutumin nan! Da makaminsa za a yaƙe shi? Ya tabbata Baduku ya samo wata hujja ya ɓoye, so yake ya bi shi gida yana taƙama, a kayar da shi a gaban iyali. To ba shi ba.

Washegari shago a rufe. Kwana na biyu ma haka. Gaskiya kewa ta dame shi, yakan haɗa shayi kofi biyu ya zubar da ɗaya. Amma da mai kantin kusa ya ce ya ji Baduku ba lafiya, sai Janar ya kalle shi sama da ƙasa.

"Shi ya aiko ka?"

Matarsa ma ta yi magana. "Malam, ka je ka duba shi mana. Mutum ya ɓace haka ba ka taka ba?"

"Ke ma an saye ki ke nan. Ba ki san yaƙi ba. Wanda ya fara motsi shi ya faɗi."

Ta ce Allah ya kyauta, ta ci gaba da wankinta. Shi kuwa ya zauna yana wasa hujjojinsa, yana jiran ranar da Baduku zai gaji da ɓuya. Kai, taurin kai dai bai yi ba.

Sai da ya ga wasu mutane na fitar da bencin Baduku da keken ɗinkinsa suna lodawa a mota, sannan ya miƙe. Ya bar rediyo a buɗe a kan tebur, ya nufi gidan.

Matar Baduku ce ta ɗaga labule. Ba ta amsa gaisuwarsa da kyau ba.

"Sai yau, Janar? Ranar nan harshensa ne ya fara nauyi, kalma ta ƙi fita, ya ji kunyar ka gani. Da bakin yana ɗan buɗewa, kai yake ta tambaya. Yanzu ya rufe gaba ɗaya."

Baduku na kwance a kan katifa, ɓarin fuskarsa ya saki, hannun dama a yashe. Idanunsa kaɗai suka juyo.

Janar ya tsuguna. Har a lokacin, Allah ya sani, sai da ya binciki fuskar nan kamar yadda yake binciken sukurori, ko zai ga gefen baki na ɓoye dariya. Bai taɓa son a yaudare shi ba sai ranar.

"To, ga ni na biyo ka," ya ce. "Na faɗa. Tashi ka zagaye ni."

Baduku ya yi ta motsa leɓe, ba abin da ya fito. Janar ya matsa kusa, ya kara kunnensa a bakin, ya yi ta jira.