Izinin da Ya Iske Inna Tabawa a Makare

Wata rana, a wata tsohuwar unguwa da ke cikin gari, mai unguwa da wasu dattawa suka yi sallama a ƙofar gidan wata dattijuwa da ake kira Inna Tabawa.

Magana suka kawo mata.

Wani ɗan kasuwa ne ya sayi tsohon siton gyaɗa da ke jingine da katangarta. Yana so ya rushe shi ya gina dogon bene na haya, kowane hawa da iyalai a ciki. Hukumar tsara gari ta sa ranar jin ra'ayin jama'a, unguwa kuma ta riga ta haɗa baki cewa ba ta so.

Suka ce ita suke so a gaba, tunda ita abin zai fi shafa. Kowa na ganin girmanta. In ta buɗe baki a wurin, magana ta ƙare.

Ta ce Allah ya nuna mana ranar.

Akwai abin da dattawan suka manta, ita kuwa ba ta taɓa mantawa ba.

Shekarun baya, bayan rasuwar mijinta, gidan nan cike yake. 'Ya'yanta mata aure ya kai su wasu garuruwa, amma ɗanta na fari, Rabilu, malamin makaranta, yana nan tare da ita da matarsa Sahura da yaransu.

Ɗaki biyu ne da zaure. Yara suka fara tasawa, gida ya yi musu kaɗan. Babu fili ta gaba, babu ta baya. Sama kaɗai ta rage.

Rabilu ya kawo magini ya duba ƙarfin bango. Ya sauke bulo da yashi a ƙofar gida, ya je neman izinin ɗora ɗaki biyu a sama, don shi da iyalinsa su hau, tsohuwa ta zauna a ƙasa.

Maƙwabta suka kai ƙorafi. Suka ce duk wanda ya hau bene zai riƙa hango tsakar gidajensu da iyalinsu. Hukuma ta duba, ta ce tsarin unguwar bai yarda da bene ba. Aka zo aka shafa jan fenti a bango.

Ba don mugunta suka yi ba. Ita kanta Inna ta san haka.

Rabilu ya nemi haya a kusa har ya gaji. Unguwa ta cika, ba a kuma gina sabon abu. Daga ƙarshe sai can bayan gari ya samu, inda sai ka hau mota biyu ka ƙarasa a babur.

Ranar da za su tashi, ƙaramar jikarta Nusaiba ta riƙe mata zani ta ƙi saki, sai da uwar ta ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya. Inna ta tsaya a zaure ta yi musu addu'a, idonta a bushe. Da motar kayan ta sha kwana, ta koma ciki ta tarar da takalmin yarinyar ƙafa ɗaya a gindin randa.

A nan ta zauna.

Da farko duk Juma'a suna zuwa. Daga baya sai ƙarshen wata. Daga baya sai Sallah, ko in an ce ba ta da lafiya.

Hannunta bai taɓa koyon girkin mutum ɗaya ba. Kullum sai tuwo ya yi yawa, ta rasa mai ci.

Rabilu ya roƙe ta ta koma wurinsu. Ta je ta yi 'yan kwanaki. Da safe kowa ya fice, a bar ta da katanga da ƙarar fanka, a unguwar da ba wanda ya san mijinta, ba wanda zai leƙo ya tambaye ta yadda ta kwana da ƙafa. Ta ɗaure kayanta ta dawo.

To, ranar zama ta zo.

Ɗakin taro ya cika. Mutane suka yi ta miƙewa. Wannan ya ce lungu zai cushe da motoci. Wancan ya ce ruwan famfo ma bai ishe su ba balle an ƙaro jama'a. Wani ya ce magudanar ruwa za ta toshe da damina. Wani ya ce baƙi za a zubo musu waɗanda ba a san asalinsu ba.

Kowa da gaskiyarsa.

Sai shugaban zaman, wani injiniya mai furfura, ya juyo wajen tsohuwar da ke zaune a gaba riƙe da sanda.

"Inna, katangarki ce ke jikin ginin nan. In aka yi shi zai tare miki iska. Me kika ce?"

"Ɗana, iska ta ishe ni. Ita kaɗai ke shigo mini gida. Ku bari mutane su zo."



Ba ta ɗaga murya ba. Ta ba su labarin "yaron nan nata", don har yau ba ta faɗin sunan ɗan fari. Ta ce ita ma ba ta so a hango iyalin kowa, amma ai taga hannu ke yin ta, ana iya juya ta ta kalli titi. Sannan ta waiga ta tambayi dattawan da suka rako ta, a cikinsu wa ke kwana unguwa ɗaya da 'ya'yansa.

Mai unguwa ya sunkuyar da kai. Nasa duk suna bayan gari.

Bayan wasu makonni hukunci ya fito. An yarda a yi benen, amma a rage masa tsawo, tagogin da ke ɓangaren gidaje a ɗaga su sama da kan mutum, mai ginin kuma ya gyara magudana. Aka ƙara da cewa daga yanzu mai son ɗora ɗaki a gidansa zai iya, bisa wannan sharaɗi.

Wasu maƙwabta sun daɗe suna gaishe ta sama-sama. Ba ta damu ba. Ta sa aka kira mata Rabilu a waya.

Ya zo ranar Juma'a da iyalinsa. Ta gaya masa yanzu an yarda.

Ya tsaya a tsakar gida ya ɗaga kai yana kallon rufin, ya daɗe a haka.

Shi ma furfura ta fara fito masa. A can bayan garin ya sayi fili, ya gina nasa har ya rufa. Sahura ta buɗe shagon ɗinki. Yara sun shiga makarantu, sun yi abokai. Nusaiba ta zama budurwa, ta durƙusa daga bakin ƙofa ta gaishe da kakarta da ladabi, irin gaisuwar da ake yi wa baƙuwa.

Rabilu ya ce zai yi tunani.

Shi ya san amsar, ita ma ta sani. Ta sa masa albarka, ta ce ya yi maza su kama hanya tun da sauran rana.

Benen ɗan kasuwar dai an gina shi, kuma ya cika da mutane.

Cikin waɗanda suka tare akwai wata ma'aikaciyar jinya mai suna Hasiya, da aka yi wa canjin aiki daga wata jiha. Ba ta da kowa a garin. Wata safiya ta yi sallama da jariri a kafaɗa, cikin jin nauyi, ta tambaya ko Inna za ta riƙe mata shi zuwa azahar.

Tun daga ranar, kusan kullum yaron yana bayan Inna Tabawa.

Wani lokaci masu wucewa kan gan ta a ƙofar gida tana jijjiga shi, su tambaya ko jikanta ne.

Sai ta gyara majanyi.

Ta ce na maƙwabta ne.

Darasi:

Idan an kira ka zaman da za a yanke wa zai yi gini da wa ba zai yi ba, ka faɗi damuwarka, haƙƙinka ne. Amma kafin ka ce a'a, tambayi ko akwai yadda za a gyara. Ɗakin da aka hana ɗorawa yau, wataƙila jikar wani ce za ta kwana a ciki kusa da kakarta. Doka ana sake ta bayan shekaru. Ƙuruciyar yaro ba ta jira a sake.

In kana da tsohuwa a cikin gari kai kana nesa, kada ka bari sai Sallah.

Tura wannan ga 'yan unguwarku, musamman waɗanda ake jin maganarsu.