Muryar da Yaya Ya Tsinto a Aflao

Daga Zango zuwa iyaka

Mun fito ana kiran assalatu, ni da yayana Malam Salisu. A unguwarmu, Zangon Agoè, masallatai ne birjik, lasifika na hawa kan lasifika, har kiran ya cakuɗe ya zama kamar ƙugin teku. Yaya ya tsaya a ƙofar gida, ya karkata kai. "Wannan Malam Isa ne, mura ke damunsa. Wancan mai jan murya kuwa Bazabarmen bakin kasuwa ne." Shekara da shekaru ya yi yana ladanci. Yanzu sunayen 'ya'yansa na kuɓuce masa, ni kaina wani lokacin gaisuwar baƙo yake yi mini, amma muryoyi ba su bar shi ba.

Akra muka nufa. Likitansa ne ya ba mu labarin wani bincike a can, inda ake ɗaukar hoton ƙwaƙwalwar masu ciwon mantuwa da ta masu lafiya, a gwada. Aka sa Yaya a rukuni na farko, ni a na biyu. Abin da ban faɗa wa kowa ba, har matata Hajara, shi ne ina shakkar rukunin da aka sa ni. Da wannan ciwon mahaifinmu ya rasu. Ni kuwa malamin lissafi ne, kuma a bana na taɓa tsayawa gaban allo da alli a hannu, ƙa'idar da nake koyarwa tun ina saurayi ta ɓace mini ɓat.

Mun yi salla a Kodjoviakopé, unguwar bakin iyaka, muka canja sefa zuwa sidi, muka tsallaka zuwa Aflao a ƙafa wajen ƙarfe bakwai.

Daga Aflao zuwa Nima

Tafiyar kusan kilomita ɗari da casa'in ce. Hanya ta bi ta tsakanin tafkuna da itatuwan kwakwa, ruwa da sama suka haɗe har ban san inda ɗaya ya ƙare ba. A gadar Sogakope mata suka yi wa motar caa da abolo, wato turararriyar wainar masara, da soyayyun ƙananan kifaye. Yaya ya ci, ya dubi kogin, ya ce wa direba, "Makka za ka kai mu?"

"Alhaji, bari mu fara ganin garin Tema tukuna," in ji direban. Shingen 'yan sanda uku muka wuce. Da azahar muka sauka a unguwar Nima ta Akra wurin wani ɗan'uwan mahaifiyarmu, aka tarye mu da shinkafa da wake.

A asibiti

Washegari wata likita 'yar Nima ta karɓe mu. Na'urar ɗaukar hoton kamar kabari ce mai haske. Ta ce, "Ku kwanta kawai, kada ku motsa, kada ku yi tunanin komai."

Yaya ya fara shiga. Ba a jima ba aka tsayar da aikin, don leɓunansa na motsi, babban yatsansa na bin gaɓoɓin yatsu. "Baba, wuridi kake yi? Ai cewa na yi ka huta."

"'Yata, a sa mutum a rami irin wannan, a ce kada ya ambaci Allah?" Sai da aka sake.

Da nawa ya zo, na yi ƙoƙarin barin tunani, tunani ya ƙi bari na. Bugun na'urar ya zama sakwarar da mahaifiyarmu ke daka a tsohon Zango. Na ga mahaifinmu zaune a tabarma yana tambayar mu ko mu 'ya'yan wane ne. Na ga allon nan, wayam.

Bayan an gama na roƙe ta ta yi mini bayani. Ta ce na'urar tana jin ƙwaƙwalwa ne gaba ɗaya, a cakuɗe. Lissafi ke tsefe hayaniyar, ya fitar da kowace murya mai zaman kanta. Daga nan sai a ɗauki murya guda, a duba ko ta yi rauni a rukuninsu Yaya fiye da namu, kuma ko bambancin ya wuce na dace.

Na ce, "To ni fa? Tawa muryar wajen wa ta karkata?"

Ta dube ni da kyau. "Malam, wannan awon jama'a yake aunawa. Ba ya iya cewa komai a kan mutum ɗaya. In kana da damuwa, akwai gwajin da ya dace, kuma ka zo da wanda ya san ka sosai."

Na san gaskiyarta. Abin da nake koya wa ɗalibai ke nan. Duk da haka na fito jiki a sanyaye.

Komawa

A Aflao, ina miƙa wa jami'i katinmu, na waiwaya babu Yaya. 'Yan canji na ihu, 'yan zemijan, wato 'yan acaɓa, na kiran fasinja da Faransanci, "On y va!", masu kaya na zagi da yaren Mina. Na kira, "Yaya! Malam Salisu!" Shiru. Sai na yi abin da ƙane ba ya yi, na ɗaga murya da sunan da mahaifiyarmu kaɗai ke kiransa: "Ɗanjuma!"

Can bakin shinge wata farar hula ta juyo. Ya ratso taron kai tsaye, idonsa bai ma sauka a fuskata ba tukuna. "Muryar Tanko ce wannan. Kai, mara kunya, wa ya ba ka izinin sunan nan?" Rabon da ya kira ni Tanko har na manta.

Mun isa gida ana kiran magariba. Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu, da mutanen Nima da suka ɗauki nauyinmu. Hajara ta kawo ruwa ta ce, "Me na'urar ta ce?"

"Ba ta ce komai ba. Zauna, ni ne zan ce." Na faɗa mata labarin allo. Ta ce ita za ta raka ni gwajin.

Na ce, "In kuma abin ya zo, na dube ki ban gane ki ba, kada ki tsaya nuna mini fuska. Ki kira ni."